Daga Bakin Tafinta

A makarantar da yake koyarwa Malam ake ce masa. A gida kuwa mahaifiyarsa ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai Auta, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Amma da zarar ya taka harabar coci, to ya zama Tafinta, har matarsa in ta so tsokana haka take kiransa. Duk baƙon mai wa'azin da ya zo da harshen da tsofaffin ikilisiya ba sa ji, shi ake miƙa wa makirufo na biyu.

Kuma gaskiya ya iya. Akwai tafintocin da mai wa'azi zai yi dogon bayani su dunƙule shi su ce, “Ya ce ku tuba.” Akwai kuma waɗanda za a ba su jimla ɗaya su mayar da ita wa'azin kansu. Shi ba ya cikin ko ɗaya. In baƙo ya ɗaga murya ya ɗaga, in ya sassauta ya sassauta, in ya bugi bagadi shi ma ya bugi gefensa. An taɓa yin wani mai wa'azi da tari ya sarƙe shi a tsakiyar magana, mata suka rantse sun ji Tafinta ya yi gyaran murya a bayansa. Wannan labarin yana yi masa daɗi ƙwarai, ko da yake in ana ba da shi a gabansa yakan sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. In an yabe shi, amsarsa ɗaya ce: “Ni ai bututu ne kawai, ruwan ba nawa ba ne.” Ya daɗe yana faɗin haka har shi ma ya yarda.

A wannan shekarar ikilisiya ta gayyato wani baƙo don taron farkaswa na mako guda, kullum da yamma. Dogon mutum ne siriri, kwat ɗinsa ta yi masa yawa, kowa ya gan shi ya san azumin da yake wa'azi a kai yana yin sa. Ba mayaudari ba ne. Abin da ke cin ransa shi ne masu bi sun yi sanyi, sun mai da coci wurin nuna sabon ɗinki, kuma a wannan ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Tun a yammar farko ya shiga da zafinsa. Ya ce Almasihu ya buɗe ƙofa, amma ba zai goya kowa ya shigar da shi ba. Ya yi nasa, saura namu. Ya sa wa ikilisiya azumi har ƙarshen mako, daga wayewar gari sai an rufe taro da addu'a, ba ci ba sha. Sannan ya nuna jama'a da yatsa ya ce wanda ya kasa hana cikinsa abinci saboda Ubangiji, kada ya ruɗi kansa cewa ya sami ceto, irin wannan a bakin ƙofa zai ƙare.

Tafinta ya ji maganar ta tsaya masa kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ya san ba haka aka koya masa ba, ba kuma haka yake koya wa masu shirin baftisma ba. Amma tafinta ba shi da lokacin tauna magana, baƙo na rufe baki dole shi ya buɗe nasa. Ga shi kuma kalmomin sun zo masa daidai, masu nauyi, masu daɗin faɗa. Ya nuna jama'a da yatsa shi ma, ya sake su da ƙarfi. In za a faɗi gaskiya, tasa ta fi ta baƙon ratsa jiki. Coci ya ɗauki “Amin”, bayan an tashi Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce yau kam an ji wa'azi, tsakuwar nan kuwa ya haɗiye ta ya tafi gida.

Mama tana bencin gaba a wannan yammar, inda ta saba zama saboda idonta ya yi rauni. Tana da ciwon sukari, kuma likita ya sha ja mata kunne cewa ƙwayar da take sha da safe sai da abinci. A wurin babbar 'yarta take zaune, wadda Tafinta ke kira Yaya, mai shagon ɗinki a gaban gida.

A tsakiyar mako yana cikin aji, yana rubutu a allo, wayarsa ta yi ta rawa a aljihu har ya gaji ya fita baranda ya ɗauka. Yaya ce.

“Auta, ka same mu a asibiti. Mama ta faɗi.”

A bakin ɗakin da aka kwantar da ita Yaya ta tare shi, awon ɗinki na rataye a wuyanta don ko cire shi ba ta tsaya yi ba. Ashe tun da aka fara taro Mama ke yi mata wayo. In Yaya ta kawo mata magani da shayi da burodi, sai Mama ta haɗiye ƙwayar a bushe, ta ce a bar shayin ya huce. Da Yaya ta koma kan keke sai ta juye shi a gindin fulawa, burodin kuma ta watsa wa kajin maƙwabta. A tunaninta magani ba abinci ba ne, bai karya azumi. Yau Yaya ta shigo ɗaukar almakashi ta same ta yashe a ƙofar banɗaki, jikinta sharkaf da gumi, tana kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa.

“An ɗura mata ruwan sukari, an sa mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo,” in ji Yaya. “Tun da ta gane abin da aka ba ta take kuka. Ni dai ban san abin da kuka faɗa mata a cocin nan ba. Shiga ka gyara ɓarnarka.”

Mama na kwance ta juya fuska bango, robar ƙarin ruwa na manne a bayan hannunta. Tafinta ya ja kujera ya zauna, ya gaishe ta, ta amsa ba tare da ta juyo ba. Ya fara lallashi irin na malamai. Ya ce azumin nan ba da ita ake ba, Allah ya san ciwonta, ba wanda zai kama mai ciwon sukari da laifi.

“Ba haka ka ce ba,” in ji ta.

“Mama, ba ni na ce ba, baƙo ne ya ce. Ni fassara kawai nake yi.”

Sai a nan ta juyo. Idanunta sun kumbura.

“Wane baƙo? Ni ban ji baƙo ba. Shi dai na ga yana ta ɗaga hannu yana yarensa. Kai na ji. Muryarka ce, wadda na sani tun kana kukan nono. Ka nuno wajenmu da yatsa ka ce wanda bai iya ba a bakin ƙofa zai ƙare.”

Ya buɗe baki zai kawo zancen bututu, ya ji kunyar kansa ya rufe.

“Da can na san kyauta ce,” ta ci gaba a hankali. “Haka aka gaya mana ran da aka yi min baftisma, haka na gaya muku kuna ƙanana. Amma kai ka yi karatu, ni ban yi ba. Da na ji ka faɗa a gaban jama'a, Fasto na zaune yana gyaɗa kai, sai na ce wataƙila mu ne ba mu ji daidai ba tun farko. Na duba kaina. Share coci da nake yi, ido ya hana. Ziyarar marasa lafiya, ƙafa ta hana. Ko waƙa numfashina ba ya kaiwa. Na ce to yunwa dai ai na iya ta, bari in kai wannan. Ga shi ita ma an ƙwace min.”

“Mama, kyauta ce har yanzu. Ba abin da ya canza.”

“Kana faɗa ne don ka gan ni a gado.”

“Ba don haka ba ne.”

“Auta, abin da ka faɗa da lasifika kada ka zo ka janye min shi da raɗa. Ni ba yarinya ba ce.” Ta sake juya fuska bango.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Sukarin dai likita zai daidaita shi. Amma matar nan da ta binne miji da ɗa ba tare da bangaskiyarta ta girgiza ba, yau tana kwance tana ganin an rufe mata ƙofa, kuma da bakinsa aka rufe. A ranar bai je taro ba, shugaban mawaƙa ne ya riƙe makirufon, aka ce ya yi ta tuntuɓe.

Washegari aka sallami Mama. Tana cin abinci don Yaya na tsaye a kanta, amma kamar mai cin magani, ta kuma daina 'yan waƙoƙin da takan yi ƙasa-ƙasa in tana zaune ita kaɗai. Yaya ta ce gara ma kukan da wannan shirun.

Ran da za a rufe taro, Tafinta ya je da wuri ya sami Fasto a ofishinsa na bayan coci, wani ɗan ɗaki da kujerun roba suka cinye rabinsa, ga rigunan mawaƙa a rataye a ƙusa, ga ganga mai fasasshiyar fata da aka yi shekaru ana cewa za a gyara. Fasto mutumin kirki ne, ba ya son rigima ko kaɗan, in ya hango ta a titi yakan canza hanya. Ya saurara har ƙarshe, ya yi juyayin Mama da gaske.

“Malam, ai duk mun san ta wurin alheri ne,” in ji shi. “Zafin farkaswa ne kawai, ka san masu bishara. Yau ne ƙarshe, gobe ya tafi. In ya kawo irin wannan, kai dai ka sassauta a fassara. Ka ce yana ƙarfafa mu mu yi azumi. Wa zai sani? Shi ba ya jin namu, tsofaffi ba sa jin nasa.”

Shawarar ta shige shi, don ita ce mai sauƙi. Ba wanda zai ji kunya, makirufonsa na nan a hannunsa. Amma ya ga in ya yi haka ya sa wa baƙo maganar da bai faɗa ba, ya kuma bar wadda aka riga aka faɗa tana nan daram a zuciyar Mama da ta ire-irenta.

“Baba Fasto, bari in yi magana da shi tukuna.”

Aka kira baƙon. Da ya ji labari hankalinsa ya tashi, ya riƙe hannun Tafinta da hannu biyu ya ce a ba Mama haƙuri, marasa lafiya ai an ɗauke musu. A gaya mata ta maye gurbin azumin da ƙarin addu'a, in ta cika shi ke nan.

“In kuma ba ta cika ba fa?” in ji Tafinta.

Baƙon ya ce shi ya zaga wurare da yawa, ya ga abin da wa'azin alheri zalla ya mai da mutane. Kowa ya miƙe ƙafa yana zunubi yana cewa an riga an gafarta. In ba a tsorata su ba ba sa motsi. Tafinta ya ce ya yarda akwai masu yin haka, ya yarda kuma azumi abu ne mai kyau, amma ba zai iya gaya wa mutane cewa da shi ake shiga ba. Baƙon ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin wannan, ya ce, “Ɗan'uwa, kai dai ka yi aikinka, ni in yi nawa.” Fasto ya duba agogo ya ce mawaƙa sun fara.

Coci ya cika har ana tsayuwa ta taga. Rana ba ta faɗi ba, fankoki na juya iska mai zafi, leɓunan mutane duk sun bushe. Tafinta na hawa bagadi ya hango Mama a bencin gaba, Yaya a gefenta da jaka a cinya. Yaya ta so hana ta zuwa, Mama ta ce a bar ta ta je, ko ba komai ta ji inda aka ajiye ta.

Wa'azi ya fara lafiya. Baƙon ya yi magana a kan sanyin zuciya, da gulma, da masu zuwa coci don a gan su, Tafinta ya bi shi tiryan-tiryan, don duk gaskiya ne. Can wajen ƙarshe baƙon ya matso bakin bagadi ya ce duk wanda ya riƙe azumin nan bai karya ba ya miƙe tsaye, sama ta ga nata. Waɗanda suka rage a zaune kuwa su san cewa har yanzu suna waje.

Ya dakata yana jiran fassara. Shiru. Ya ɗauka ba a ji ba ne, ya maimaita da ƙarfi. Matasa masu jin harshensa suka fara miƙewa ɗaya-ɗaya, tsofaffi kuwa suka zuba wa Tafinta ido. Mama ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa a cinya, filastar asibiti na nan a bayan hannunta.

Tafinta ya juya ya gaya wa baƙon da harshensa, ba ta makirufo ba, cewa zai faɗi abin da ya ce, amma zai ƙara nasa a kai, kuma zai bayyana wanne ne na wa. Bai jira amsa ba.

“Jama'a, baƙonmu ya ce wanda ya cika azumi ya tashi tsaye, shi ne na sama, wanda ke zaune kuwa yana waje. Abin da ya faɗa ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Yanzu kuma ba shi ke magana ba, ni ne.”

Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar maganar wasu yana tashi da ita sama, yau da ya zo faɗin tasa sai ga shi yana in'ina.

“A farkon makon nan na gaya muku wata magana da bakina, kuma ba daidai ba ce. Ba a sayen ceto da yunwa. Ba a sayensa da shara, ko waƙa, ko wani abin da hannunmu ya iya. Yesu Almasihu ya gama aikin a kan gicciye, bai bar mana ragowa mu ƙarasa ba. Wanda ya dogara gare shi yana ciki, ko ya yi azumi ko bai yi ba. Wanda ya yi azumin nan don ƙaunar Ubangiji, ya yi abu mai kyau, Allah ya ƙarfafa shi. Amma ba shi ya shigar da shi ba. Wanda kuma ya karya, ko don ciwo ko don kasawa, ba a fitar da shi ba. Kyauta ce. Haka aka ba mu, haka za mu bar wa 'ya'yanmu. Shi ke nan abin da nake da shi.”

Ba wanda ya ce “Amin”. Wani dattijo a gefen bagadi ya ce ai wannan cin fuskar baƙo ne, wata mata ta ce masa ya yi shiru, gunaguni ya tashi daga baya. Baƙon na tsaye yana kallonsa, bai ji kalmomin ba amma ya gane. Fasto ya taso fuskarsa a murtuke, ya miƙo hannu, Tafinta ya ɗora masa makirufon. Ya san ba zai sake riƙe shi a cocin nan da wuri ba, wataƙila ma har abada, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Fasto ya yafito shugaban mawaƙa.

Tafinta ya sauko. Kujerarsa tana kan bagadi, don haka bai san inda zai nufa ba, ya tsaya a gaban benci kamar baƙo a gidan biki. Yaya ta matsa ta buɗe masa wuri tsakaninta da Mama, ya zauna a takure.

Baƙon ya maimaita kiransa, shugaban mawaƙa ya fassara yana haɗa gumi. Benci suka yi ƙara, mutane suka miƙe, wasu da sauri, wasu suna waige-waige, wasu da suka yi azumin ma suka ƙi tashi. Matan da ke hagu da dama da bayan Mama duk suna tsaye, ita tana zaune a tsakiyarsu, ƙarama.

Tafinta bai iya kallonta ba. Yana jin numfashinta kusa da kafaɗarsa, yana jiran ta ce ya ba ta kunya a gaban mutane, ko ta ce don ita ya yi. Sai Mama ta ɗago kai ta dubi bagadi, ta dubi matan da ke tsaye, ba tare da ta sadda ido ba. Ta miƙa hannu ta gabansa ta taɓa gwiwar Yaya.

“Ke, kin zo da ruwan nan?”

“Yana jaka, Mama. Ki bari a rufe da addu'a, saura kaɗan.”

“Ba ni yanzu. Ƙishirwa nake ji.”

Yaya ta ciro gorar ta buɗe. Mama ta karɓa, ruwan na neman zubewa a zaninta, sai Tafinta ya tallafe gindin gorar. Ta sha a hankali, a gaban kowa, har sai da ta ƙoshi.